Mutumin da Ke Duba Kare Kafin Mota

A unguwarmu, nan bayan Maryborough inda gonakin rake suka fara, babu wanda ya taɓa naɗa Neville Tarrant sarkin sayen mota. Shi ya naɗa kansa, mu kuma muka ƙyale shi, don gardama da shi ta fi sayen ruɓaɓɓiyar mota cin rai. Shingen waya ne kawai tsakanin gidana da nasu tun 'ya'yanmu suna rarrafe, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin titi na tsince shi ba.

Neville ya ƙarar da ƙarfinsa yana jan babbar motar rake daga gona zuwa masana'antar sukari. Dogo ne siriri, kullum cikin gajeren wando da safa har gwiwa, da hular da rana ta cinye launinta. Giyarsa kwalba ɗaya ce ranar Juma'a, ba ya zagi, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa matarsa Glenys murya ba, ni da nake jin har tarinsu. Mutumin kirki ne, na faɗa tun yanzu kada a ce ƙiyayya ce. Aibinsa ɗaya, ya yarda har zuciyarsa cewa yana karanta mutane.

Idan za ka sayi mota ta hannu, Neville zai ji labari ko ba ka gaya masa ba. Ranar Asabar da safe sai ka gan shi a ƙofarka ya taje gashi. In kun isa gidan mai sayarwa, kai kana zagaya mota kana leƙa inji, shi yana can tsugune yana shafa kare. Zai duba haƙoran karen da kwanon ruwansa, ya kalli ciyawar tsakar gida, ya ga yadda aka naɗe tiyon ban ruwa. Sai a hanyar dawowa ya yanke hukunci.

"Saya," zai ce. "Ka ga karen nan? Mutumin da ke yanke wa kare farce ba ya wasa da juyen baƙin mai."

Ko kuma ya ce, "Rabu da ita. Tiyo a yashe a rana. Yadda ya yi wa tiyo haka yake yi wa inji."

Ni ma shi ya zaɓa min mota bayan rasuwar mijina. Karen mai motar har hannu yake bayarwa a gaisa. Ita kuwa motar, baƙin mai take sha kamar shayi. Da na kai masa kuka sai ya ce, "Beryl, ƙafarki ce ke da nauyi."

Duk wannan fa a zamanin da za ka shigar da lambar jikin mota a waya, ka biya dala biyu, kafin ruwan shayi ya tafasa rajistar gwamnati ta gaya maka ko ta sata ce, ko kuwa kamfanin inshora ya taɓa soke ta saboda haɗari ko ambaliya. Neville ya san da wannan, bai kuma taɓa cewa ba shi da amfani ba. Shi abin da ya rasa shi ne lokacin da ya dace a yi.

"Yaushe zan yi?" ya tambaye ni wata rana ta kan shinge. "Gaya min, tunda kin fi kowa sani. In na yi kafin in je, na mai da mutum ɓarawo ban ko ga fuskarsa ba. In na yi a gabansa, ya dafa min shayi ya yanko min kek, ni kuma ina leƙen lamba kamar ɗan sanda. In kuma mun riga mun sha hannu, ai magana ta ƙare, ba a janye hannu."

"Shiga banɗaki ka yi," na ce.

"A banɗakin mutumin da ya karɓe ni a gidansa?" Ya girgiza kai yana tausaya wa tarbiyyata.

Da a ce motocin maƙwabta kawai yake lalatawa, da na bar shi da halinsa. Amma akwai Glenys.

Mu mutanen gabas, kullum daga teku rana take fito mana, ta je ta faɗi a bayan rake. Tun tana amarya Glenys take cewa tana so sau ɗaya a rayuwarta ta ga rana ta faɗa cikin ruwa. Ba ta roƙi zobe ba, ba ta roƙi sabon kicin ba. Neville ya yi mata alkawarin Broome, wani gari a bakin teku can ƙarshen yamma, ya ce ba zai kai ta wani ƙaramin wuri a ce an cika alkawari ba. Da ya ajiye aiki ya sayi ɗakin ja, irin mai taya da tsofaffinmu ke ɗaurawa a bayan mota su zagaye ƙasa. Ya wanke shi, ya ɗinka masa labule. Saura babbar motar da za ta ja shi, kuma a nan aka tsaya.

Wannan mai motar karensa na da ƙuma. Wancan bai tashi tsaye ba da Glenys ta shigo. Wani ba shi da kare gaba ɗaya, abin da Neville ya ɗauka a matsayin ɓoye shaida. Tafiyar kuwa ta arewa ake bi, kuma lokaci gare ta, in ba ka fita da farkon rani ba ruwa zai rufe hanyoyi, sai kuma baɗi. Haka baɗi ta riƙa zuwa tana wucewa, har kaji suka mai da ƙarƙashin ɗakin ja wurin saka ƙwai.

Ana cikin haka idon Glenys ya fara. Wani baƙin tabo ne ya sauka a tsakiyar ganinta, duk abin da ta kalla kai tsaye sai ya rufe shi, gefe-gefe kawai take gani. Ta daina karatu, ta daina tuƙi, ta koma gane mutane da murya. Likitan ido a Brisbane bai ɓoye musu ba, ya ce tabon ƙara faɗi yake yi, in akwai abin da take son gani kada a jira. Neville na zaune a ɗakin, ya ji da kunnensa. Abin da ya fahimta shi ne, tunda tafiyar ɗaya ce tak, dole motar ta zama marar aibi. Ranar da ya gaya min haka na shiga gida na rufe ƙofa na yi kuka don haushi.

Sai ga Athol Bultitude zai sayar da motarsa. Athol tsohon mahauci ne, matarsa ta rasu, gwiwoyinsa sun ƙi taka birki. Babbar mota ce fara mai ƙarfin ja. Abin da ya fi komai, Neville ne ya raka shi sayenta a wajen Gympie, ba da daɗewa ba bayan babbar ambaliyar nan, daga hannun wani mutum mai karen kiwo da Neville ke ba da labarinsa har yau. Tun daga lokacin Athol bai kai ta ko'ina ba sai kanti da filin wasan tsofaffi.

"Wannan ba ta buƙatar bincike," in ji Neville. "Ni ne tarihinta."

Ana gobe za a je a sha hannu, Glenys ta ratso ta ɓular shinge da wayarta a hannu. Ashe ranar da suka je kallo, maza na can suna yaba karen Athol, ita ta lallaɓa ta ɗauki hoton lambar da ke ƙasan gilashin gaba. Hotunan duk sun karkace, ɗaya ne ya kama.

"Duba min, Beryl," ta ce. "Ki karanta da ƙarfi, kada ki tsallake komai."

Na shigar da lamba, na biya, amsa ta zo. Ba ta sata ba ce. Amma inshora ta taɓa soke ta saboda ambaliya, aka gyara aka mayar da ita kan titi. Wato motar ta sha wanka a kogin Mary, mai karen kirki ya busar da ita ya sayar wa Athol, Neville na gefe yana shafa kunnen kare.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na miƙe ina neman takalmi, don na daɗe ina jiran irin wannan rana.

"Zauna," in ji Glenys.

"Haba Glenys, motar ta nutse fa."

"Ta fito ai. An ce birkinta ya lalace?"

"Ba a ce ba. Amma ruwa in ya shiga wayoyi, yau lafiya gobe sai ta mutu muku a daji."

"Dajin da tsofaffi irinmu ke bin juna kamar tururuwa? Za mu ɗauki ruwa, yarinyarmu ta ba mu na'urar kiran agaji." Ta juya fuskarta gefe don ta gan ni. "Beryl, wannan ce motar farko da ya yarda da ita. In kika gaya masa, zai koma duba karnuka, kuma yanzu ko karnukan ba zai yarda da su ba. Ni ba ni da baɗi. Gara ta mutu mana a hanya da mu mutu a baranda."

"To me ya sa kika sa na duba?"

"Don in san yawan ruwan da zan ɗauka."

Na koma na zauna. Ni ba mai riƙe magana ba ce, kowa a layinmu ya shaida, amma wannan na riƙe ta.

Washegari na bi su, don ni zan dawo da tsohuwar motarsu. Athol ya shimfiɗa tebur a baranda, ga shayi ga kek mai kwakwa da ya sayo ya juye a faranti kamar shi ya gasa. Karensa na kwance a kan ƙafar Neville. Suka yi hirar farashin rake, suka yi ta gwiwa, suka yi ta mutanen da suka mutu. Motar dai ba a ko ambace ta ba sai da butar shayi ta ƙare, haka ake yi.

Bakina ya yi min ƙaiƙayi. "Nev," na ce, "ko don gamsar da mata, ba za ka ɗan duba lambar ba?"

Athol ya ce, "Duba mana, mutumina, ni ba zan ji komai ba." Da gaskiyarsa ya faɗa, bawan Allah bai san komai ba.

Neville ya ajiye kofi a hankali. "Athol, ka yi mata haƙuri. Tun da ta sayi sabuwar waya take zargin kowa." Ya juyo gare ni. "Mutumin nan ya yi shekaru yana auna min nama ban taɓa kallon sikeli ba. Yau zan fara?"

Na buɗe baki, sai na ji diddigen takalmi a kan ɗan yatsana. Matar da ba ta ganin kofin da ke gabanta, amma ba ta kuskure ƙafata ba. Suka sha hannu, Glenys ta ce a ƙara mata kek.

Sun tashi da farkon rani, aka kori kaji, aka bar min su amana. Sauran labarin daga bakinsu na ji, kowa da nasa, amma a kan abin da motar ta yi ba su saɓa ba.

Har Townsville lafiya lau, Neville yana bugo min waya musamman don in ji ƙarar inji. Da suka juya yamma sai motar ta fara tuna baya. Gilashin gefen Glenys ya riƙa sauka da kansa, Neville ya ce gwiwar hannunta ce ke taɓa maɓalli. Waifa mai goge gilashi ta tashi tana shara a ƙasar da ba ta ga ruwa ba wata da watanni, ya ce ƙura ce ta ruɗe ta. A wani gidan mai ta yi ta danna hon ita kaɗai, ya ce motocin zamani ne, wayo ya yi musu yawa. Glenys ta ce masa lallai kam, ta ci gaba da cin biskit.

A hanya sun yi ta haɗuwa da masu ɗakin ja da ke ce musu su ratse Karumba, ai can ma rana a ruwa take faɗuwa, kuma kusa ne. Neville ya ce wancan ba teku ba ne, laka ce da kadoji, shi Broome ya yi alkawari.

Bayan sun wuce Croydon, da rana tsaka, duk fitilun gaban direba suka kama lokaci ɗaya, sannan suka mutu tare da inji. Ya gangara gefen titi. Glenys ta fito da kujerun naɗi biyu da laima da ruwan da zai ishi coci guda, shi kuma bai tambayi dalilin yawansa ba. Wasu tsofaffi suka tsaya, aka kira janwe daga Normanton. Direbar mace ce, Darlene, mai damtse irin na masu dambe da ɗan kare a kujerar gaba. Neville ya ce da ya ga karen hankalinsa ya kwanta.

A gareji bakanike ya ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujera, ya kira Neville ya nuna masa busasshiyar laka da wayoyin da suka yi kore. Ya ce zai iya gyara wannan, gobe wata ta tashi, shi ba zai bar mahaifiyarsa ta ratsa hamada a cikinta ba. A nan, tsaye a bakin gareji, da mota a mace da hannu a shaye tuntuni, Neville Tarrant ya samu lokacin da ya dace. Ya ciro waya ya shigar da lamba ya biya dala biyunsa, rajista ta gaya masa abin da lakar ta riga ta faɗa.

Ya ce min ya daɗe yana kallon wayar. Ba motar ce ta dame shi ba. Broome ce, da maganar likita, da duk motocin da ya ƙi saboda ƙuma.

Ya koma wurin Glenys ya ce wani ɗan ƙaramin abu ne za a aiko daga birni. Ta ce to. Sai ta juya wajen Darlene, wadda ke shan lemo a inuwa.

"'Yata, a ina kike kwana?"

"Karumba, Mama. Yanzu ma can zan nufa."

"Akwai wurin mutum biyu a gaba?"

"In tsohon zai riƙe kare."

Neville ya buɗe baki zai ce laka, ya rufe. Ya riƙe karen har suka isa.

Ba su je Broome ba. A motar haya suka dawo, aka bi da ɗakin ja daga baya, kaji suka karɓi kayansu. Farar motar tana can Normanton ana cire mata sassa. Neville bai taɓa gaya wa Athol ba, ya ce mutumin ya sayar da gaskiya, kuma laifin wanda ya raka shi Gympie ne. Ni kuwa, da ya ji mun san zancen ambaliyar mun ɓoye, ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, don a ganinsa matarsa tana da hujja, ni ce munafuka. Yanzu mun shirya. Har yau yana raka masu sayen mota, sai dai yakan sa a turo lamba a duba da safen ranar, kafin a bar gida, wai in ba a ga fuskar mutum ba tukuna ba a ci mutuncinsa ba. In sun isa kuma sai ya tambaya ina kare.

Kafin rani ya zagayo tabon ya cinye kusan duk abin da ya rage wa Glenys. A kicin ɗina ta ba ni labarin yammacin nan, tana laluben kofi da yatsa.

Darlene ta sauke su a bakin ruwa inda mutane ke taruwa da kifi da soyayyen dankali a takarda. Suka samu benci. Ruwan ya janye, laka ce shimfiɗe kamar yadda Neville ya faɗa, ga allon gargaɗin kada. Rana ta yi ƙasa, ta yi ja. Glenys ta kalle ta kai tsaye, tabon ya rufe ta ruf. Sai ta juya kanta gefe a hankali tana nema, har ranar ta fito mata a wutsiyar ido. Juyin da ta yi ya sa fuskarta ta tsaya daidai kan fuskar Neville.

Shi kuma ya ga matarsa ta bar abin da ta jira tun amarci ta zuba masa ido ko ƙiftawa babu. Ya ɗauka hisabi ne ya zo. Ya cire hula.

"Glen, ƙarya na yi miki. Ba ƙaramin abu ba ne. Motar ambaliya ta ci, na duba ɗazu."

"Na sani. Beryl ta karanta min tun kafin ku sha hannu."

 Sai ya fara cewa shi ya ɓata mata shekaru, shi ya hana ta Broome, da ya ji magana da tuni. Yana faɗa yana sunkuyawa yana neman hannunta.

"Nev," ta ce, "yi shiru, kuma ka daina motsi. Ba kai nake kallo ba, kai kana cikin baƙin. Ta kusa taɓa ruwa."

Ya zauna cak da hula a cinya, ya bar ta ta saita idonta a kansa, bai ko share fuskarsa ba har ranar ta nutse. Na tambaye ta yaya ta gan ta. Ta ce ja ce, ta fi yadda ta zata girma, kuma ta yi sauri.